Baba Ya Ƙi Shan Magani, Yana Jiran Kalma

Gwaggo Dirkje, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta filinki a ɓoye, don a gidanmu mujallarku ma kallon ta masu sassaucin addini ake yi mata. Ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zauna ina rubuto miki ba. Kada ki sa sunana. Sunayen da za ki gani ma na canza su, ko da yake duk wanda ya fito ƙauyenmu zai gane mu tun bai kai rabi ba.

Mahaifina yana kwance. Ciwon daji ne, ya fara daga mafitsara ya bi ƙashi, likita ta ce kada mu sa ran zai ga ƙarshen hunturun nan. Mun sauko da gadonsa falo, gaban taga, don ya riƙa ganin fili. Ba mutuwar ce ta sa na rubuto ba, ya tsufa, kuma mu tun muna yara ake tuna mana da kabari kowace Lahadi, safe da yamma. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ya ƙi shan maganin kashe zafi. Kwalbar mofin tana nan a kicin, likita ta nuna mini yadda ake ɗigawa, shi kuwa ya kafe ko ɗigo ɗaya ba zai shiga bakinsa ba.

Kin taɓa faɗa cewa a irin cocinmu kika tashi, to kin san yadda Jibin Ubangiji, cin gurasa da shan ruwan inabi don tuna mutuwar Almasihu, yake a wurinmu. A shimfiɗa farin ƙyalle a dogon tebur, fasto ya yi gayyata, coci cike maƙil har saman bene, amma masu tashi ba sa cika benci biyu. Sauranmu mu sunkuyar da kai muna jin ƙarar takalmansu. Ba mai tashi sai wanda Allah ya yi wa magana shi kaɗai, wato wata aya ta faɗo masa a zuciya da ƙarfi har ya tabbata an gafarta masa, yana cikin zaɓaɓɓu. Kalma muke ce mata. Wance ta samu kalma tana shanya, wane ya samu a kan tarakta. Wanda ya samu shi ne mai albarka, sauran kuwa muna waje. Baba bai taɓa samu ba. Tun yana saurayi yake roƙo. Duk ranar Jibi sai ya dawo gida ya rataye baƙar kwat ɗinsa, ya wuce wurin shanu, abinci ma ba ya kalla.

Yanzu abin da ya rage masa shi ne labaran da muka tashi muna ji, na tsofaffin da kalma ta zo musu a gadon mutuwa, wasu ma ana ganin kamar sun riga sun tafi sai su buɗe ido su ba da shaida. A nan ya rataya ransa gaba ɗaya. Ya ji an ce mofin yana sa barci da ruɗewa, shi ke nan magana ta ƙare. Da na matsa masa sai ya kama hannuna ya ce, "'Yata, duk rayuwata ina tsaye a ƙofar nan ina jira. In aka buɗe aka tarar ina barci fa?"

Ki yi haƙuri in koma baya kaɗan, don ki san me ya sa yake ganin Allah ya juya masa baya. Shekarar da ciwon baki da kofato ya shigo yankinmu, hukuma ta zo ta kashe shanunsa kaf, alhali lafiyarsu ƙalau, kawai don suna kusa da gonar da ciwon ya ɓulla. Shanun da kakansa ya fara kiwon irinsu, kowace da sunanta. Ya tsaya yana kallo ana lodin gawarwakinsu a mota. Bayan nan da 'yan shekaru ƙanena Reijer, ɗa namiji ɗaya tilo, ya faɗi da babur a hanyar garin Harderwijk, ko ashirin bai cika ba. Reijer yaro ne mai rawar kai, ya ma fara guje wa sujadar yamma. A bakin kabarinsa fasto bai faɗi ko kalma ɗaya ta sa zuciya ba, don a wurinmu ba a yi wa mamaci zaton ceto sai ya bar shaida. Gargaɗi ya yi wa matasa, ya ce su dubi ramin nan su shiga taitayinsu. Muna tsaye cikin baƙaƙen kaya ana yi mana wa'azi da gawar ɗanmu. Tun daga ranar Baba ya yanke wa kansa hukunci, ya ce an nuna masa matsayinsa sau biyu, mai hankali ba ya buƙatar na uku.

Ga kuma ƙanensa, Baffa Teunis. Shi da aka kashe shanu sai ya koma kiwon kaji, yanzu rumfunan kajinsa sai ka hau keke kafin ka zagaye su. 'Ya'ya goma, duk a raye, duk sun yi aure a cikin coci, jikoki kuwa shi kansa sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya kira sunan wasu. Ya samu kalma tun yana da ƙuruciya, yana zuwa tebur, dattijon ikilisiya ne. Ranar godiya ta kaka shi ne ke tsayawa a ƙofar coci yana girgiza kai yana cewa Ubangiji ya yi masa albarkar da bai cancanta ba, sabuwar motarsa tana walƙiya a bayansa. Allah ya gafarta mini, duk sanda na ji wannan "ban cancanta ba" tasa sai in ji kamar in cire hular da mu mata muke sawa a coci in jefe shi da ita.

Shi kuwa Baba, mutumin da ya yi hunturu guda yana tashi da asuba ya tatsi shanun maƙwabcinmu da ya karye, maƙwabcin da ko hanyar coci bai sani ba. Mutumin da ya ɗauko surukarsa da ta ruɗe ya ajiye ta a gidansa har ta rasu, tana zaginsa kullum tana ce masa ɓarawon kaji. In na tuna masa waɗannan sai ya ɓata rai, ya ce irin wannan ba ya sayen kome a wurin Allah, in daina.

Gwaggo, zafin ya wuce yadda zan kwatanta miki. Da rana in nas ta zo za mu juya shi a yi masa wanka, tawul yake cusawa a baki ya cije, duk da haka ana jin nishinsa daga tsakar gida. Na daina kawo yarana. Inna tana zama kusa da shi tana karanta masa Maganar Allah, ni kuwa ina kallon idonsa na san ba ya jin ko ɗaya. Yakan fara addu'a, kafin ya kai ƙarshen jimla zafin ya katse shi, ya koma farko, ya sake katsewa.

Lahadin da ta wuce Baffa ya biyo bayan sujadar safe, ana shan kofi da kek kamar yadda aka saba, Baba yana kwance a gefe yana haɗa gumi. Na kasa daurewa na tayar da zancen maganin, ina fatan shi da Baba ke jin maganarsa zai sa baki. Sai ya ajiye kofinsa a hankali ya ce Ubangijinmu Almasihu ma da aka miƙa masa ruwan inabi mai magani kafin a gicciye shi ƙin sha ya yi, kuma ba daidai ba ne bawa ya kauce wa sandan da aka ɗaga masa. Raina ya ɓaci, na ce, "Baffa, kai ne fa bara ka sa aka yi maka allura har biyu kafin a cire maka haƙori ɗaya. Wannan sandan ba a ɗaga maka ba ne?" Inna ta ce in tashi in ba mutane wuri, ba ta haifi marar kunya ba. Baffa ya ɗauki hularsa ya fita, har yau bai sake gaishe ni ba.

Inna ma tana bayan Baba, amma ba don taurin zuciya ba. Na same ta a ɗakin wanki tana kuka, ta ce mini, "Na tsaya a kabari ɗaya ba a ba ni kome na riƙe ba. Ba zan iya na biyu ba. Ki bar shi ya samu abin da zan faɗa wa fasto."

Mijina ba a cocinmu ya tashi ba, shi duk abin nan zalunci yake gani. Kullum maganarsa ɗaya, in ɗiga masa a kunu, ba zai sani ba, Allah kuma ba zai kama ni da laifin tausayi ba. Ranar Talata na yi. Na dama masa kunun sha'ir da nono, shi kaɗai ne abin da ke shiga cikinsa yanzu, na ɗiga maganin yadda likita ta nuna, na juya. Ina isa bakin gadon ya buɗe ido ya ce daga hannuna kaɗai yake iya cin abinci, don ya san ni ba zan cuce shi ba. Na ce masa kunun ya yi sanyi, na koma kicin na juye shi.

To Gwaggo, in zuba ko kada in zuba? In na zuba ya yi barci, ya tafi ba kalma, ni ce na rufe masa ƙofar sama? In ban zuba ba, wace irin 'ya ce ni, magani yana hannuna ubana yana cin tawul? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, mece ce albarka? In kaji da jikoki da kujera a tebur ne, to ubana la'ananne ne, mu daina wahalar da kanmu. Ni ma ban taɓa tashi zuwa teburin nan ba. Zan faɗa miki abin da ban iya faɗa wa kowa ba, fushi nake yi da Allah, kuma tsoronsa nake ji.

'Yar Mai Shanu, daga yankin Veluwe

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye sauran na sa taki a gaba, don taki ba ta jira.

Kada ki zuba. Mijinki tausayi ne ke magana a bakinsa, ban ga laifinsa ba, amma shawarar ba ta da kyau. Mahaifinki da hankalinsa, jikin kuma nasa ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba lafiyar shanu zai gane canji a jikinsa tun cokali na farko. Ranar da ya gane zai daina karɓar abinci daga hannunki, ya rasa mutum ɗaya da ya sakankance da shi a lokacin da ya fi buƙata. In kuma ya tafi shiru, Inna za ta ɗora miki, ke ma za ki ɗora wa kanki har tsufanki. Kin yi daidai da kika juye kunun nan.

Amma ƙin zubawa a ɓoye ba shi ne naɗe hannu ba. Mahaifinki yana zaton abu biyu ne kawai a gabansa, ko zafi da hankali, ko sauƙi da barci. Ba haka ba ne. Ki kira likitar nan a makon nan, ki gaya mata ainihin abin da yake tsoro, don ina zaton ta ɗauka taurin kan tsufa ne kawai. Ta zauna da shi, shi da kansa, ta bayyana masa cewa ana farawa da ɗan kaɗan, akwai kuma wasu hanyoyin rage zafin ƙashi ban da wannan kwalbar. A yi masa alkawari, a kuma cika, cewa zai gwada da rana, da saninsa, in ya ji kansa ya yi nauyi a dakata. Sannan ki gaya masa abin da idonki ya gani, ba tare da gardama ba: ba ya jin karatun Inna, ba ya iya kai addu'a ƙarshe. Abin da yake gudun magani zai yi masa, zafin ya riga ya yi.

Ki je wurin fasto ke kaɗai, ki tambaye shi kai tsaye ko cocinku ta hana mai ciwon ajali shan maganin zafi. A iya sanina ba ta hana ba, na kuma san fastoci masu tsauri da suka sha. In ya ce ba ta hana ba, ki roƙe shi ya zo ya faɗa a kunnen mahaifinki, ranar da Baffa ba ya nan.

Maganar Baffanki tana da rabin gaskiya, shi ya sa ta yi nauyi. Lalle Ubangiji ya ƙi abin da aka miƙa masa. Amma ya ƙi ne don yana ɗauke da hukuncin wasu, aikin da ba a ba mahaifinki ba, ba a kuma ba kowa ba bayansa. Mahaifinki da bakinsa ya ce miki tatsar shanun maƙwabci ba ta sayen kome a wurin Allah. Gaskiya ya faɗa, koyarwar cocinku ke nan. To cizon tawul ma ba ya saye. Ki faɗa masa haka a hankali, sau ɗaya, ki bar shi ya juya maganar. Batun haƙori kuwa, na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma ki je ki ba Baffa haƙuri. A gaban mutane kika yi masa, kuma yayansa ne ke mutuwa. Mai yawan ambaton albarkarsa a ƙofar coci ba lalle ne yana barci da daɗi ba.

Yanzu tambayarki babba. Kaji da jikoki kyauta ce, ya kamata a gode, amma ba sa nuna inda mutum ya tsaya da Allah, kamar yadda garken da aka kashe da kabarin Reijer ba su nuna ba. Mu Kirista ba mu da damar auna albarka da wannan ma'auni, don Almasihu, wanda muke kira Mai Albarka, bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, ya mutu tsirara a gaban masu yi masa ba'a. A wannan sa'a ya yi kira, sama ta yi shiru. In shirun sama alamar yasarwa ce ta har abada, da shi ne farkon yasasshe. Albarka a fahimtata ita ce Allah ya riƙe mutum saboda Almasihu, ko mutumin yana jin riƙon ko ba ya ji. Ina girmama mutanenmu don ba sa wasa da abu mai tsarki, sun fi masu tashi zuwa tebur kamar za su layin burodi. Inda na rabu da su shi ne sun mai da jin tabbaci ya zama shi ne ceton kansa. Mutumin da aka hana, aka sake hanawa, ya binne ɗansa, bai kuma daina roƙo ba har gashinsa ya yi fari, ki tambayi kanki wa ya riƙe shi a wurin duk shekarun nan. Ni dai ban san ɗan Adam da ke da wannan ƙarfin daga aljihunsa ba. Kuma Allahn da ya iya tayar da matattu, ɗigon magani ba zai hana shi isa ga mai barci ba. Ba ki da ikon rufe wa kowa sama, ki sauke wannan daga kanki. Fushin da kike yi ma ki kai masa shi yadda yake, ya saba jin irinsa daga bakin bayinsa.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana yiwuwa ki yi duk wannan ya ce a'a. In ya ce a'a, ki bar shi, ki nemi nas ta koya miki juyi da sa matashi yadda zai fi sauƙi, ki karɓi taimako ki riƙa samun barci. Yana kuma yiwuwa ya sha ko bai sha ba ya tafi ba kalma. Uwata haka ta tafi. Ta yi makonni tana jira, abu na ƙarshe da ta ce shi ne a rufe taga ana iska. Na tsaya a kabarinta na ji irin wa'azin da kika ji, na yi shekaru ina ɗauke da shi kafin in gane cewa fasto bai ce ta hallaka ba, cewa ya yi bai sani ba. Kuma da gaske bai sani ba. Ba a ba shi wannan hukunci ba, ba a ba Baffa ba, ba a ba mahaifinki ba a kan kansa.

In ranar ta zo haka, kada ki ƙirƙiro wa Inna shaidar da ba a bayar ba, ko da ta roƙe ki da ido. Ki tsaya kusa da ita ki riƙe ta, ki bar mijinta a hannun wanda ya fi ku duka tausayinsa. Kafin nan kuwa, lokacin da ya rage kaɗan ne, kada ki ƙarar da shi a kicin kina kallon kwalba. Ki koma falo ki zauna da ubanki.

Allah ya sassauta masa, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya ba ki ƙarfin zama har ƙarshe. Ina tuna ku a addu'a.

Gwaggo Dirkje